Kartar Telebijin Da Cacar Wayar Hannu: Gwaninta Ce Ko Maisir?



A kwanakin baya, da muka tashi daga karatun Risala tsakanin Magariba da Lisha a Birnin Kudu, wani saurayi ma'aikacin gwamnati ya dakata har jama'a suka watse, sa'an nan ya matso ya durƙusa. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ina da tambaya, amma ina jin nauyi." Muka ce masa ai ba a jin kunya wajen neman sanin addini. Sai ya fito da wayarsa ya nuna mana wasu mutane zaune kewaye da tebur, ana raba musu karta, ga damman daloli jibge a gabansu kamar an sauke hatsi. Ya ce, "Malam, wannan gasa ce ta duniya, a telebijin a ke nuna ta kamar ƙwallo. Masana sun ce ba sa'a ba ce, lissafi ne da kaifin hankali. In mutum ya koya ya ƙware, yana yi ta wayarsa, shin hukuncinsa ɗaya ne da na ɗan cacan bayan kasuwa?"

Mun ba shi amsa a taƙaice a daren nan. Amma da ya ke mun tabbata ba shi kaɗai ke da wannan tambaya a zuci ba, muka ga ya kyautu mu shimfiɗa maganar a wannan fili, domin amfanin 'yan'uwa 'yan kasuwa da ma'aikata.

Asalin Abin

Wasan da saurayin nan ya nuna mana shi ne kartar Amurka da a ke kira poka. A irin wadda ta fi yaɗuwa, a kan ba kowane ɗan wasa karta biyu a kife, ba mai ganinsu sai shi. Sa'an nan a buɗe wasu biyar a tsakiyar tebur, uku da farko, sai ɗaya, sai ɗaya. A kowane mataki ana zuba kuɗi. Wanda ya ji tsoro ya janye, ya bar abin da ya riga ya zuba. Mai cin wasa shi ne wanda kartarsa ta fi ƙarfi, ko kuwa wanda ya yi burga har sauran suka janye, ko da kuwa ba kome a hannunsa.

A da, ko a Amurka ɗin, wasa ne na 'yan mashaya da ɗakunan ɓoye. A 1970 ne wani mai gidan caca a birnin Las Vegas, Benny Binion, ya tara 'yan kartar da suka yi suna, ya ƙirƙiro gasar shekara-shekara wadda a ke kira World Series of Poker. Shekaru da yawa ba ta ja hankalin jama'a sosai ba, domin mai kallo ba ya ganin abin da ke hannun 'yan wasa. Ba abin da zai gani sai fuskoki a murtuke.

Abu biyu suka sauya al'amarin. Na farko shi ne intanet: a farkon 1998 aka buɗe dandali na farko inda a ke buga poka da kuɗi na gaske ta kwamfuta. Na biyu shi ne kyamara: a 1999 wata tashar telebijin a Ingila ta fara nuna wasan a kan tebur mai gilashi, an sa kyamara a ƙarƙashi, mai kallo a gida yana ganin kartar kowa.

A 2003 waɗannan abubuwa biyu suka haɗu a kan mutum ɗaya. Wani akawun lissafi daga Jihar Tennessee, mai suna Chris Moneymaker, ya shiga wata ƙaramar gasa ta intanet da kuɗin da bai kai dala 100 ba, ya ci kujerar shiga babbar gasar Las Vegas, wadda kuɗin shigarta dala 10,000 ne. Ya je ya kada mutum 838, ya tashi da dala miliyan 2.5, aka yi ta nuna shi a telebijin. Kowane ƙaramin ma'aikaci da ya gan shi sai ya ce a ransa, "Ai ni ma zan iya." Masu shiga gasar suka tashi daga 839 a 2003 zuwa 2,576 a 2004, zuwa 5,619 a 2005, zuwa 8,773 a 2006. A 2024 sun kai 10,112.

Abin Da Kyamara Ba Ta Nunawa

To, jama'a, ku 'yan kasuwa ne da ma'aikata, kun san lissafi. Mu ɗauki shekarar 2006. Mutum 8,773, kowa ya ajiye dala 10,000, watau an tara fiye da dala miliyan 87. Wanda ya zo na ɗaya ya ɗauki miliyan 12. Masu gidan caca suka cire fiye da miliyan 5 tun kafin a raba karta. Kimanin mutum ɗaya cikin goma ne ya sami wani abu. Sauran, wajen mutum 7,900, sun koma gida hannu rabbana.

Ina aka samo miliyan 12 ɗin nan? Ba a noma ko kwano ɗaya ba, ba a ɗinka riga ba, ba a yi jigilar kaya daga wannan gari zuwa wancan ba. Kuɗin mutum dubu bakwai da ɗari tara ne aka tattara aka miƙa wa 'yan ƙalilan. Kyamara ta tsaya a kan fuskar mutum ɗaya mai dariya. Ba ta bi sauran zuwa gidajensu ba.

Ko su waɗanda suka ci, ina labarinsu ya ƙare? Stu Ungar, wanda masu wannan harka ke ƙirgawa cikin mafi gwanintar da aka taɓa yi, ya ci babbar gasar nan sau uku, a 1980 da 1981 da 1997. Shekara guda bayan cinsa na ƙarshe, a watan Nuwamba 1998, aka tsinci gawarsa a wani ƙaramin masauki a Las Vegas, yana da shekara 45, miliyoyin da suka bi ta hannunsa duk sun salwanta.

Su kuma masu yi ta intanet, ranar 15 ga Afrilu 2011 hukumomin Amurka suka rufe manyan dandalin poka guda uku. Da aka bincika littattafan ɗaya daga cikinsu, Full Tilt Poker, sai aka tarar 'yan wasa na binsa kimanin dala miliyan 390, alhali abin da ke ajiye a bankunansa bai wuce kimanin miliyan 60 ba. Ashe adadin da mutum ke gani a fuskar kwamfutarsa yana murna, rubutu ne kawai.

Yadda Abin Ya Iso Mu

Wani zai ce, ina ruwan mutumin Gwaram da Las Vegas? Gaskiya ne, ba mu ga ana kafa teburin poka a garuruwanmu ba. Amma abin da ya ɗaukaka poka a can, watau haɗuwar kallo da waya, shi ne ya shigo mana da wata riga.

Caca ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Dattawa sun san 'yan karta da ke raɓewa a bayan kasuwa ranar da ta ci, suna dakon manomin da ya sayar da gyaɗa. Sun san na'urar kalokalo, wadda gwamnatin soja ta haramta a 1977. Amma ɗan caca na wancan lokaci sananne ne. Ba a ba shi 'ya, ba a ba shi ajiya, ba a sa shi gaba a salla. Kafin mutumin kirki ya isa wurin 'yan karta, sai ya ratsa idanun gari duka. Wannan kunya ita ce katangar da ta tsare mutane da yawa.

Wayar hannu ta shigo Nijeriya a 2001. Gidajen kallon ƙwallon Turai suka bazu har ƙauyuka. Kamfanonin cacar ƙwallo suka biyo baya, NairaBet a 2009, Bet9ja a 2013, da wasunsu da dama. Yau saurayi a Babaldu ko Kantoga, ko a Sara ko Basirka, ba ya bukatar zuwa bayan kasuwa. Yana zaune a rumfar ubangidansa, ko a ofis, ko ma a sahun baya a masallaci kafin a ta da salla, yana zuba kuɗi. A cikin wayar akwai cacar ƙwallo, akwai karta, akwai wasannin da a ke ci ko a faɗi cikin daƙiƙa kaɗan. Katangar kunya ta rushe, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Mun san wani ɗan kasuwa a ƙasar Gwaram da ya ba yaronsa kuɗin sayen riɗi a kaka. Yaron ba ɓarawo ba ne, ya shekara da shekaru a hannunsa ba a taɓa kama shi da ƙwandala ba. Ya taɓa kaɗan da niyyar ya ci ya mayar. Da ya faɗi, ya ƙara domin ya fanshe. Kafin mako ya zagayo jarin ya tafi. Da aka zaunar da shi gaban dattawa, abin da ya ke ta maimaitawa shi ne, wasa ɗaya ne kawai ya ɓata masa. Wannan magana, "saura ƙiris", ita ce igiyar da a ke jan ɗan caca da ita har ramin.

Maisir A Littafi Da Sunna

Sunan caca a Alƙur'ani shi ne maisir. Malaman lugga sun ce kalmar tana da dangantaka da yusr, watau sauƙi, domin dukiya ce da a ke samu ba tare da wahala ba. Larabawan jahiliyya su kan sayi raƙumi bashi, su yanka, su kawo kibiyoyi goma a cikin jaka. Bakwai suna da rabo, daga kashi ɗaya har zuwa bakwai, uku kuwa ba su da kome. Waɗanda kibiyoyin banza suka fito musu su ke biyan kuɗin raƙumin. Abin lura, waɗanda suka ci sau da yawa ba sa cin naman, matalauta su ke raba wa, suna alfahari da hakan, suna kuma zargin wanda ya ƙi shiga da rowa. Duk da wannan taimako da ke ciki, Musulunci bai ƙyale shi ba.

Hukuncin ya sauko daki-daki. A Suratul Baƙara, aya ta 219, aka ambaci giya da caca tare, aka bayyana cewa akwai wasu amfanoni a cikinsu ga mutane, amma zunubinsu ya rinjayi amfaninsu. Sa'an nan a Suratul Ma'ida, aya ta 90 da ta 91, aka yanke magana: aka jera su da gumaka da kibiyoyin ƙuri'a, aka kira su ƙazanta daga aikin Shaiɗan, aka yi umurni da a nisance su. Aka kuma faɗi dalili, cewa suna haddasa gaba da ƙiyayya tsakanin mutane, suna kange su daga ambaton Allah da salla.

A cikin Sahihul Buhari da Sahihu Muslim akwai hadisin da ya umurci wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca, gayyata kawai, da ya yi sadaka. In furta kalmar na bukatar kaffara, ina ga aikatawa? Imamu Malik kuma ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wasan nardu saɓon Allah ne da Manzonsa. A Muhtasar na Shaihu Halil, babin shaida, wasan nardu na cikin abubuwan da ke zubar da adalcin mai ba da shaida.

Wannan haɗa giya da caca da Alƙur'ani ya yi tun ƙarni goma sha huɗu da suka wuce, likitoci sun iso gare shi daga baya. A 2013 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta mayar da cutar caca cikin rukuni ɗaya da jarabar giya da ƙwayoyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafta ta a wannan rukuni.

Hujjar Gwaninta

Yanzu mu koma ga tambayar saurayinmu. Ba za mu yi musun cewa akwai gwaninta a poka ba. Akwai. Wanda ya san lissafi, ya iya karanta mutane, zai fi wanda bai sani ba in aka daɗe ana yi. Haka wanda ya san ƙungiyoyin ƙwallo ya fi wanda bai san su ba. Malami ba ya kare gaskiya da musun abin da ido ke gani.

Amma hukuncin bai rataya a kan sa'a ko gwaninta ba. Abin da malaman fiƙihu ke kira ƙimar shi ne duk wata yarjejeniya da kowane ɓangare zai sa dukiyarsa, a kan cewa wanda ya rinjaya ya kwashe, wanda aka rinjaya ya tashi a tutar babu. Wasan shaɗaranji, wanda Turawa ke kira ces, babu sa'a a cikinsa ko kaɗan, tsantsar tunani ne. Duk da haka malamai ba su yi saɓani ba cewa in aka sa kuɗi a kansa daga ɓangarorin biyu ya zama haram. Haka darar da a ke yi a gindin bishiya: ranar da aka ɗora kuɗi a kanta ta zama caca.

Shari'a ta yi togiya a wurare ƙididdigaggu, watau tseren dawaki, da tseren raƙuma, da harbin kibiya, saboda amfaninsu ga tsaron al'umma. Ko a nan ɗin, Risala ta Ibn Abi Zaid ta kawo ra'ayin Imamu Malik cewa mutum ɗaya ne zai fitar da kyautar, kuma in shi ya yi nasara ba ta komawa aljihunsa. Dubi yadda aka toshe ƙofa ko a inda aka yi rangwame.

Bugu da ƙari, gwanintar nan da a ke taƙama da ita, mece ce? Ita ce iya ɓoye gaskiya, da nuna ƙarfi alhali babu, da gano rauni a fuskar ɗan'uwanka domin ka raba shi da abin hannunsa. Gwanin poka ba ya samun riba sai in akwai marasa gwaninta a teburin. Su kansu suna kiran irin waɗannan mutane kifi. Saboda haka gwaninta ba ta wanke wasan ba, ta dai nuna wane ne mai ci, wane ne abin ci.

Mai yi ta waya kuwa bai ma san da wa ya ke karawa ba. A 2007 da 2008 an bankaɗo cewa a wasu dandali biyu na poka akwai na cikin gida da ke ganin kartar abokan wasa suna kwashe musu kuɗi. A 2017 wata kwamfuta da aka shirya a Jami'ar Carnegie Mellon ta lallasa ƙwararru huɗu a gasar da ta ɗauki kwana 20. Wace gwaninta ɗan Birnin Kudu zai kai gaban wannan?

Wasu kan ce ai ciniki ma kasada ne, ana ci ana faɗuwa. Bambancin a fili ya ke. Wanda ya sayi buhun riɗi a Sara ya kai Kano, ya ba da kuɗi ya karɓi kaya. Manomi ya amfana, mai mota ya amfana, ɗan dako ya amfana, kuma mai saye da mai sayarwa suna iya rabuwa kowa na murna. In hasara ta zo, ta zo ne a kan hanyar aiki mai amfani. A caca kuwa ba ka cin sisi sai wani ya yi hasararsa. Murnarka ita ce baƙin cikinsa. Daga nan ne gabar da aya ta ambata ke tsirowa.

Nauyin Da Ke Kanmu

Jihar Jigawa ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a 2000, caca kuwa laifi ce a ƙarƙashinta. An daɗe masu shagunan caca a Arewa suna fakewa da lasin na tarayya, bisa dokar 2005. Ranar 22 ga Nuwamba 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa tsara harkar caca hurumin jihohi ne, ikon Majalisar Tarayya a kai bai wuce Abuja ba. A 2024 ɗin kuma Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo da dama. Saboda haka hukumomin jiha ba su da sauran uzuri, muna kuma kira ga wakilan Birnin Kudu da Gwaram a majalisar Dutse da su riƙe wannan magana da muhimmanci.

Amma kada mu ruɗi kanmu. Hisba tana iya sa wa shago kwaɗo, ba ta iya sa wa aljihu. Shagon yanzu yana cikin waya. Abin da ya rage shi ne tsoron Allah da kulawar na gaba.

Ya kai ɗan kasuwa, ka riƙa yin lissafi da yaranka a kai a kai, kada ka bar kuɗi mai yawa ya kwana a asusun yaro don kawai ka yarda da shi. Wannan ba zargi ba ne, taimakonsa ne a kan zuciyarsa. Ya kai ma'aikaci, albashinka akwai haƙƙin iyali a ciki, kuɗin ofis da ke hannunka kuwa amana ne. Yawancin waɗanda suka ci amana ba su fara da niyyar ci ba, da niyyar aro suka fara. Ya ku iyaye, in kun ga yaro ya shiga yawan rance, yana sayar da kayansa, yana firgita in an taɓa wayarsa, fushinsa da farin cikinsa sun rataya a kan wasan da a ke bugawa a Ingila, to ku zauna da shi tun da wuri. Ku yi masa nasiha a asirce, domin tozartawa ba ta cika gyara ba. Masu gidajen kallo da masu sana'ar tura kuɗi su ma su sani, taimakawa a kan saɓo da gangan saɓo ne.

Wanda kuma ya riga ya faɗa, ƙofar tuba a buɗe ta ke. Ya bari yau, ba sai ya fanshe abin da ya rasa ba, gama neman fansar nan shi ne tarkon. Ya goge abin daga wayarsa, ya rabu da abokan yi, ya sami wani babba da ya amince da shi ya gaya masa. Abin da ya ci na mutane, in ya san mai shi ya mayar masa, in bai sani ba ya fitar da shi ga mabukata da ayyukan amfanin jama'a, da niyyar tsarkake kansa. Abin da ya ranta ko ya taɓa na amana kuwa bashi ne a wuyansa, sai ya biya, ko da kaɗan-kaɗan ne.

Saurayin da ya yi mana tambaya ya dawo bayan 'yan kwanaki. Ya ce ya zauna ya haɗa abin da ya zuba da abin da ya ci tun da ya fara cacar ƙwallo, abin da bai taɓa yi ba, ya tarar hasarar ta haura albashinsa na wata uku. Muka ce masa ya gode wa Allah da Ya nufe shi da yin lissafi tun yana da sauran abin lissafawa. Muna roƙon duk mai irin wannan hali da ya karanta wannan fili ya ɗauki alƙalami da takarda a daren yau ya yi haka.

Allah Ya wadata mu da halal, Ya tsare mu da zuriyarmu daga haram, Ya sa albarka a cikin kasuwancinmu da albashinmu. Amin.